Dariyar Cikin Talabijin

"Rufa mana baki, tsohon banza, an kusa zuwa wurin!" ya ce da amininsa, yana kai-komo gaban talabijin. Yau tashar ke maimaita wani tsohon wasan barkwanci a karo na ƙarshe: tsofaffi uku a ƙauyen Yokshaya, can ƙasar Turawa, rago ya kora su cikin taɓo.

Aminin ya ce, "Kai da kake cewa shirme ne? Tun muna da haƙora ba ka taɓa yi masa murmushi ba."

Shi dai ya ƙure sautin talabijin. Aka ji 'yan kallo a zauren da aka ɗauki wasan sun kwashe da dariya, wata cikinsu har da shaƙewa.

Marigayiya matarsa ce. Ranar da aka ɗauki wasan yana gefenta, yana ta zungurinta ta yi shiru, wai tana ba shi kunya.