Dashen da Ya Ƙi Kamawa

Ranar da ta fara ganinsa, shara yake yi. Ta taso daga shagon guga, kafaɗunta na ciwo, ta tsaya a lambun da ake sayar da dashe a bakin titi don ta sayi dashen tumatir. Ya duƙa yana tsince ganyen itacen turare daga tsakanin baƙaƙen ledoji, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

"Malam, ganye ai taki ne," in ji ta.

"Ban da wannan, Malama." Ya murje ɗaya ya miƙa mata ta shinshina. "Ƙamshin nan makami ne. Itace ba shi da ƙafar gudu, sai ya dafa gubarsa a cikin ganye. Ƙwaro ya ɗanɗana ya bar shi. In ganyen ya zuba, ruwa ya jiƙa shi, ƙananan tsirrai ma ba sa sakewa a kusa. Dubi gindinsa."

Ta duba. Ƙasa ce fayau, ko ciyawar kirki babu. Ta koma gida da dashe a kwali, da muryarsa a kunne.

Ita da kakarta kaɗai ke gidan. Kullum in ta dawo, sai ta ɗora tukunyar siracen Kaka, wanda aka fara tun lokacin da tari ya kama tsohuwar, sannan ta ɗauki bokiti ta nufi ɗan filin da ke jikin katanga. Dashen ya yi kwanaki yana tsaye. Daga nan ya daina girma, ganyen ya yi rawaya, ya yanƙwane.

Ta kai masa gawarwakin a leda. Ya juya saiwar a tafin hannu, ya yi ta tambaya. Rana na isa wurin? Ruwan famfo ne ko na rijiya? Akwai itacen turare a kusa?

"Ko ɗaya babu a layinmu," ta ce. Kuma haka ne.

Ya ba ta wani dashen kyauta. Shi ma ya mutu. Ya ba ta tattasai, ya ba ta yalo, ya auna mata taki da hannunsa. Duk zuwa sai ta daɗe a tsaye, yana yi mata bayanin ƙasa da saiwa, ita kuma tana kallon yadda yake share gumi da bayan hannu. Bai taɓa tambayarta wani abu ba sai shuka.

"'Yar nan, kin mayar da ni kifin miya," Kaka ta ce wata rana daga ƙarƙashin bargo. "Tarin nan ya tafi tuntuni."

"Rigakafi ne, Kaka."

Watanni suka ja. Ta gaji da haƙa, ta gaji da cire matattu, ta gaji da doguwar hanyar da take bi daga shago. Shi ma ya rame. Mai lambun ya lura da fuskar da ke dawowa da mataccen dashe, ya fara magana a gaban masu saye. Ƙarshe ya faɗa wa ma'aikacin nasa a fili, ita tana tsaye: in aka sake dawo da dashe ya mutu, ya nemi wani wurin.

Ba ta iya kallonsa ba. Shi ne ya biyo ta har bakin titi.

"Ban iya komai ba sai wannan aikin," ya ce. "In an kore ni, garejin yayana zan koma, a wani gari. Ki yi mini izini in zo in ga ƙasar nan da idona."

Ya zo ranar hutu da yamma, da kwali a bayan keke. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Kaka.

"Kai ne mai kashe mana tumatir?" tsohuwar ta ce tana ƙare masa kallo. "Ashe ma kyakkyawa ne. In jikata ba ta so, ni ina ciki."

Ya yi dariya, karo na farko da mai gugar ta ji dariyarsa. Ya kwashe ƙasar saman filin kaf, ya zuba sabuwa, ya dasa kowanne da hannunsa, yana danna gindin a hankali. Da ya miƙe, gwiwoyin wandonsa sun yi jirwaye.

"Ban gano komai ba," ya ce. "Ban san me zan gaya wa maigida ba in waɗannan ma suka tafi." Ya juya ga tsohuwar. "Kaka, in ba damuwa, zan riƙa leƙowa duk mako in duba su."

"Ka zo ko ba tumatir," in ji Kaka.

Ta raka shi zaure. Ya tsaya da keken a hannu, kamar akwai sauran magana, sai kawai ya ce ta gaida gida, gidan da yake fitowa daga cikinsa. Ta tsaya har ya sha kwana.

A kicin, tukunyar siracen ta huce. Ruwan ya yi duhu, ganyen turaren da ta tsinto a doguwar hanya ya kwanta a ƙasa. Ta ɗauko ta da hannu biyu, ta zo daidai filin, ƙafarta ta tsaya da kanta saboda sabo. Sai ta wuce, ta tuntsurar da ita a magudanar ruwa.

Ta dawo ta tsuguna a gaban dashen.

"Na yi muku alkawari," ta ce a fili, "ba zan ƙara shayar da ku ruwan nan ba. Ai yanzu ya san hanyar gidan."