Sunan da Inna Ke Kira

Zannuwa biyu, sabulu, sabuwar reza, katin awo. Su ke nan a amalanken da ya nufi asibitin Cadawa, sai Nazira mai naƙudar fari, da uwar mijinta riƙe da ita.

Mijinta Garzali na kora jaki. Shi ya hana matarsa zuwa darasin masu ciki. "Inna ta haife ni, ɗan fari, ba wanda ya koya mata," in ji shi a lokacin.

Amma Nazira ba ta firgita ba. Tana jan numfashi a hankali, tana saki.

Ungozoma ta tare su a ƙofa. "Nazira, yadda muka koya. Sannu Inna, ba ki taɓa bari ta yi fashi ba."

Garzali ya dubi uwarsa. "Ashe ba kasuwa kuke zuwa ba?"

"Garzali, wace uwa ka ji tana kiran sunan ɗan farinta? Yayanka a cikina ya mutu, ina ɗaki ina kunya, ban kira kowa ba. Nazira ba za ta yi irin shiruna ba."

Inna ta shiga, ta rufe ƙofa.