Kofin da Babu Ƙanƙara

Ranar taron yayar Auta, ƙarƙashin rumfa, wata budurwa mai haɗa lemo tana jera kofuna a teburin da kowa ke zuba wa kansa. Da ya matso, ta miƙo masa kofin da ta ajiye gefe, babu ƙanƙara, saboda haƙorinsa.

Yayarsa ta zuba musu ido. "Auta, ina ta san ciwon haƙorinka?"

"Ni ban ma san ta ba, Yaya."

Alhali budurwarsa ce, kuma ya yi mata alkawarin yau zai gabatar da ita ga yayarsa. Ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Budurwar ko kallonsa ba ta yi ba. Ta janye kofin, ta jefa ƙanƙara biyu ciki.

"Yi haƙuri, yallaɓai. Nan kowa shi ke zuba wa kansa."