Kibiyar Bangon Yamma

Bakin katafilata yana sama, inuwarsa a kan rufin ɗakin, lokacin da Zulfa ta shiga tsakani.

Ɗakin kankare ne, rabinsa a cikin ƙasa, da 'yar siririyar taga mai kallon teku, a bayan tsohon filin jirgin sama. Zulfa 'yar Kano ce, tana karatun tsoffin gine-gine a nan Doha. Ta ce sojoji ne suka gina shi lokacin yaƙin Tekun Fasha, kuma shi kaɗai ya rage. Kamfaninmu kuwa titi zai shimfiɗa a wurin.

"Yalla, Bawah, sauke!" in ji foman.

"Baba Bawah, ka yi wa Allah," in ji Zulfa. "Jami'in kayan tarihi yana hanya."

Na kashe inji, na ce mai yana yoyo. Foman ya durƙusa ya leƙa, bai ga ko ɗigo ba. Ya miƙe ya ce direbobi ba su ƙare a Qatar ba, kuma yanzu zai kira kafil ɗina, mutumin da iznin zamana da aikina ke hannunsa.

Na san abin da hakan ke nufi. Tun da ƙanena Masahudu ya rasu bara, 'ya'yansa a Kumasi ni suke kallo. Tare muka zo ƙasar nan, shi magini, ni direba. Kayansa duka na tura gida, ko carbinsa ban riƙe ba. Duk da haka hannuna ya ƙi taɓa makullin.

Foman yana kan waya motar jami'in ta tsaya. Dattijo ne. Ya sunkuya ya shiga ɗakin, muka bi shi. Na tuɓe takalmina a ƙofa.

Ya haska fitila ya zagaya. Bango tsirara, sai rairayi da gwangwanin lemo. Ya ce irin wannan kankaren ya ga da yawa. Idan babu alamar mutanen da suka zauna a ciki, ba shi da hujjar tsayar da titi. Zulfa ta fara bayani. Ya juya zai fita.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ba a duba bangon yamma ba. Can ƙasa."

Zulfa ta share rairayin da hannu. Kibiya ce aka karce a jikin kankaren, da ɗigo uku a gindinta. Dattijon ya ɗora wayarsa a ƙasa ya jira allurar kamfas ɗin wayar ta tsaya.

"Alƙibla," ya ce a hankali. "Suna jiran harin sama, suna salla."

Ɗigon ukun, ya ce, wataƙila alamar rundunarsu ce. Ya fita ya sa aka kewaye ɗakin da jan zare. Foman ya tofar da yawu ya ce khalas, wato shi ke nan.

Zulfa tana share hawaye ta tambaye ni yadda aka yi na sani. Na ce idon direba ne.

Babu wanda ya tambaye ni wa ya zana, ni kuma ban yi ƙarya a kan haka ba. Ɗigo uku alamar mahaifinmu ce a kan huhun goro, kuma ni na riƙe wa Masahudu waya tana nuna alƙibla, yana karce kibiyar da ƙusa, ranar da muka fara fakewa a ɗakin mu yi azahar.