Ragowar Akushin Mukhtari

Mukhtari ya kai loma baki, ya tauna, ya ajiye hannu. Yau ma babu gishiri.

Dillalin shanu ne a Yerwa, wato Maiduguri, a shekarar da jirgin ƙasa ya fara isowa garin. A daji aka haife shi, bayan garke, kafin ya zauna a unguwar Mafoni da matarsa Hussainatu da tsohuwarsa, wadda kowa ke kira Kaka. Ba shi da yawan magana. A zaure yake cin abinci shi kaɗai. Ya ci rabi, ya rufe rabi, a ɗauke akushi zuwa cikin gida. Haka ya saba.

Tun farkon damina girkin ya canza. Gishiri ne ya fara ɓacewa daga miya. Sai man shanu. Sai bandar kifi da kanwa. Burabisko ya riƙa zuwa da ganyen zogale da tafarnuwa, da kwanon zoɓo mai tsami wanda ko ƙanshin sukari babu.

Sau ɗaya ya tambaya.

"Ke, gishiri ya ƙare a Kasuwar Litinin ne?"

"Bai ƙare ba, Alhaji," in ji Hussainatu, kanta a ƙasa.



A dangin su Mukhtari mace ba ta cewa ta gaji da miji. A tukunya take faɗa. Ya ga matar kawunsa ta yi haka a ruga: ta janye gishiri, ta janye nono, kafin lokacin girbi ta janye kanta. Sau biyu kuma ya taɓa sakin Hussainatu da zafin ƙuruciya, yana mayar da ita. Igiya ɗaya ta rage tsakaninsu. Idan ta tsinke, babu komawa.

Ya kai ƙara wajen tsohuwarsa. Kaka tana kwance a inuwa, ta ɗaure kanta tamau da ɗankwali.

"Ni me na sani?" ta ce. "Harshena ya daɗe da mutuwa. Zuma da maɗaci duk ɗaya ne a bakina. Tafi, kaina na sarawa."

Ya fara lura. Kullum da sassafe Hussainatu takan fita a ƙasa, riƙe da hannun Kaka, wai tsohuwa na son miƙe ƙafa. Wata rana ya bi su daga nesa. Suka shiga kantin Clementina, Inyamurar da ke sayar da atamfa, wadda mijinta Onyema ke ba da magani a ɗakin baya. Suka daɗe. Hussainatu ta fito tana share ido.

Mace mai shirin tafiya takan nemi inda za ta sauka. Haka ya fassara abin.

Ya yanke shawarar amsa mata da yarenta. A kasuwar shanu ya ɓalli dunƙulen manda, baƙin gishirin nan da ake ba dabbobi su lasa, ya jefa a aljihu. Da aka kawo abinci ya ci rabinsa haka nan salam. Sannan ya murƙushe manda a kan rabin da ya rage, ya cakuɗa da yatsa, ya rufe. Hussainatu ta ci ragowar ta ji. In tana da magana, ta fito ta faɗa.

Akushi ya dawo washegari a wanke tas. Ba ta ce komai ba.

Ya ƙara. Ya ƙara har shi kansa da ya lasi yatsa sai da ya tofar. Kullum ta durƙusa ta ajiye abinci, ta ce, "Ga shi, Alhaji," da idanun da ba su samu barci ba. Wannan shirun ya fi zagi ci masa rai.

Gidan ya yi nauyi. Kaka ta daina fita. Ƙafafunta suka kumbura, ta ce tana ganin ƙudaje a idonta. Wata safiya jini ya ɓalle mata ta hanci. Clementina ta zo da kanta har gida, abin da ba ta taɓa yi ba, ta shige ciki ba ta ko tsaya gaishe shi sosai ba. Ya ji ta ita da Hussainatu ta bayan zana suna ƙus-ƙus.

"Kin tabbata, 'yar'uwa? Ko kaɗan?" in ji Clementina.

"Wallahi ko ƙwaya."

Ya ɗauka sun gama shirinsu. Hussainatu ta wahalar masa da uwa da yawon safe, yanzu kuma ana ƙulla abu a cikin gidansa.

Bayan la'asar ta kawo akushi. Bai buɗe ba.

"Hussainatu. Na sake ki."

Sannan ta tashi ta shiga ciki. Ya ji tana haɗa kwanoni. Da ta fito da ƙunshin kaya a ka, sai ta tsaya a bakin zaure, ta ba shi baya.

"Kaka ta rantsar da ni kada in faɗa maka, don ta ce asibiti za ka kai ta, ita kuwa ba za ta mutu a gadon ƙarfe ba. Yanzu dole in faɗa, ko da zan yi kaffara. Kaka hawan jini gare ta. Mijin Clementina ya ce gishiri ne zai kashe ta. Na cire komai, na yi duk abin da ya ce, amma kullum ya auna sai ya ga ya ƙaru. Mun rasa dalili. Duk wadda za ta yi maka girki bayana, ka gaya mata."

Mukhtari ya ce:

"Ciwonta ne. Me ya haɗa shi da akushina?"

Sai a lokacin ta juyo ta dube shi.

"Alhaji, tun ranar da aka kawo ni gidan nan, Kaka ba ta taɓa cin komai ba sai abin da ka rage."