Yatsan da Ya Sauka a Kan Fuskar Mama

Auta mai kitso ta yi ɓari na biyu, duniya ta yi mata zafi. Shi ya sa da wata ƙawarta ta ce akwai wani bawan Allah mai gani har hanji, ba ta tsaya shawara da mijinta ba, balle fastonsu. Ta ɗauki jaka ta bi ta.

A wani tsohon sito mutumin yake taronsa, kujerun roba a jere, lasifika kamar za ta fasa kunne. Dokarsa ɗaya ce: kowa ya zo da hoton iyalinsa. Auta ta miƙa hoton bikinta. Ya lumshe ido, jikinsa na rawa, yatsansa na yawo a kan fuskoki, sai ya tsaya cak a kan fuskar mahaifiyarta.

"Bayan da ya goya ki, shi ya danne cikinki," in ji shi. "In kina son haihuwa, ki rabu da ita."

Wayyo! Mama, wadda ta yi ta kwana a kan tabarma gefen gadonta a asibiti! Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura, amma tsoro ya fi ƙarfin ƙauna. Ta toshe lambar Mama a wayarta.

Tsohuwa ta tako har shago, ta leƙo tana murmushi. "Autata, ko faɗa muka yi ban sani ba?"

"Aiki nake yi," in ji Auta, idonta a kan madubi.

A gida, da mijinta ya ji labarin, ya ce, "Wane irin ruhu ne ke raba 'ya da uwa? Zo mu buɗe Kalmar Allah mu auna maganar nan."

"Kai dai ba ka da idon ruhu," ta ce, ta juya masa baya.

Ana nan, wata ma'aikaciyar jinya ta zauna kitso, hira ta yi daɗi. Ta ce ita ma ta je siton, an ce bayan da ya goya ta ne ya hana ta aure. Wata mata da ke jiran layi ta dafe ƙirji.

"Ni ma haka ya ce mini, babu ragi babu ƙari! Gwaggona ya nuna."

"Ashe malamin naku tsofaffi yake farauta," in ji ma'aikaciyar jinyar tana dariya. "Duk wadda ta fi furfura a hoto ta shiga uku."

Matajin ya suɓuce daga hannun Auta. Ba ta gama dawowa hayyacinta ba, sai ga yayanta a bakin ƙofa, fuska babu annuri. Ya ce Mama ta zame a banɗaki tun safe. Ta ja jiki har wurin wayarta, ga shi lambar Auta kaɗai ta iya kira. Ta yi ta kira har maƙwabciya ta tarar da ita da yamma. Ƙugu ya karye, likita ya ce ba za ta ƙara tafiya babu sanda ba.

Auta ta zube gaban gadon asibiti, ta faɗi komai, hawaye na jiƙa zanen gado.

Mama ta shafa kan Auta. "Da ni mayya ce, banɗaki zai kayar da ni? Tashi, 'yar nan. Yesu ya yafe mini abin da ya fi wannan. Zo ki gyara mini kai, na zama kamar tsintsiya."

Auta ta yi dariya cikin kuka. Da aka sallami Mama, Auta ta tafi da ita gidan aurenta, mijinta na riƙe da hannun tsohuwa har ɗaki.

'Yan'uwa, ba duk mai kiran sunan Allah ne Allah ya aiko ba. Ku auna kowace koyarwa da Kalmarsa, ku nemi shawarar masu bi na gari. Muryar da ke shuka tsoro da ƙiyayya a cikin gida ba ta Makiyayi ba ce.