Ruwan Baƙo Bayan Ambaliya

Dattijon ya miƙo mini kwanon sha tun kafin in gama gaisuwar ta'aziyya.

Na zo unguwar ne don in rufe rijiyarsu. Ambaliya ta bi kowane masai a wannan ɓangare na Sabon Birni, ta kwashe abin da ke ciki ta juye a rijiyoyi, kyauta. Amai da gudawa sun riga sun kai jikokinsa biyu maƙabarta. Karatun dubagari ya koya mini sunan ƙwayar cutar da Turanci, amma bai koya mini yadda ake ƙin ruwan mai makoki ba.

"Sha mana, ɗana. Ko ƙyamarmu kaka yi?"

In na ƙi, ba mai sauraron bakin da ya raina su. Na kai kwanon baki, na jiƙa leɓe kawai, na yi hamdala. Sannan na gyara murya zan fara bayani.

Dattijon ya riga ni. Ya juya ga jama'a:

"To, kun dai gani, likita ma ya sha. A ce ma mata su ci gaba da ɗiba."